AC ɗinmu yana shokin, maigida kuma ba ya son a ɓata wa ƙaninsa rai

Assalamu alaikum. Ina da aure da yara biyu, ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba. Da zafi ya matsa, maigidana ya sayo AC mai ƙarfin doki 1.5, irin mai kashi biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Ƙaninsa ne ya ɗaura mana, don yana taɓa aikin wuta, kuma bai karɓi komai ba. Ya jawo wutar daga soket ɗin da muke saka talabijin, da wayar ba ta kai ba ya ƙara wata ya naɗe da baƙin tef.

Wata rana ina wanke wajen da na wajen yake, ƙafata ba takalmi, hannuna ya taɓa jikin ƙarfen sai na ji ya ja ni har gwiwar hannu. Fulogin yana zafi sosai, wani lokaci har ina jin ƙaurin roba. Da farko bireka tana yawan faɗuwa, sai ƙanin nasa ya zo ya canza ta da babba, tun daga nan ba ta sake faɗuwa ba.

Da na gaya wa maigidana, ya je ya taɓa yana sanye da takalmi, ya ce bai ji komai ba. Ya ce duk kayan wuta suna ɗan yin haka, kuma ai akwai sitabilaiza. Na ce a kira wani mai aikin wuta ya duba, sai ransa ya ɓaci, wai ina so in nuna ƙaninsa bai iya aiki ba bayan ya yi mana alheri. Maganar ta kai kunnen mahaifiyarsu, na ga ta ɗan canza min fuska. Ni da ƙanin nasa muna shiri ƙwarai, ba na son in zama sanadin saɓani. Amma idan AC ɗin yana kunne ba na iya barci. Shin tsoro ne ya yi min yawa? Yaya zan yi?

Daga wata uwa da ta nemi a sakaya sunanta

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsoro bai yi miki yawa ba. Da shokin ɗin kaɗai kika ambata, da ya isa in ce a dakatar da AC ɗin nan. To ga kuma fulogi mai zafi, ga ƙaurin roba, ga bireka da aka canza da babba don ta daina faɗuwa. Shokin ɗin alama ce ta abin da kan kashe mutum nan take, sauran kuwa hanyar gobara ce. Don haka tun kafin mu zo kan maigida da ƙaninsa, ki yi abu ɗaya yau. Ki sa takalmin roba, hannunki a bushe, ki sauke birekar da ke ba wannan soket wuta, sannan ki zare fulogin. Kashewa da rimot ba ta wadatar ba, domin rimot aikin na'urar kawai yake tsayarwa, wutar tana nan a cikinta. Soket ɗin da ya riga ya yi zafi kuma kada a sake saka masa komai, ko da talabijin ɗin ne, sai an buɗe shi an duba. Ki kuma kange na wajen yadda ƙaramin ba zai kai gare shi ba, don kada wani ya mayar da fulogin ba ki sani ba.

Ina so ki fahimci abin da hannunki ya ji, saboda idan kin fahimce shi za ki iya yi wa maigida maganar cikin natsuwa, ba cikin firgici ba. Waya uku ya kamata su shiga AC. Ɗaya tana kawo wuta, ta biyu, wato nutural, tana mayar da ita. Ta uku ita ce wayar ƙasa, wadda akasari za ki gan ta da ratsin kore da rawaya. A ranakun lafiya wannan ta uku ba ta aikin komai. AC zai yi sanyi daidai ko tana nan ko ba ta nan, shi ya sa ake yawan sakaci da ita, har a shekara ba wanda ya lura. A jikin ƙarfen na'urar ake ɗaura ta. Ranar da rigar wata waya ta goge a ciki, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba, wuta ta taɓa ƙarfen, ita ce za ta kwashe wutar ta bi da ita, abin da ke tsaron layin ya katse. Idan babu ita, ƙarfen zai zauna ɗauke da wuta ba tare da wata alama ba, har sai an sami abin da zai haɗa shi da ƙasa. Ran nan ke ce kika haɗa, da jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar maigida cewa kayan wuta kan ɗan yi haka. Na'urori da yawa, musamman AC mai inbata, wato irin da ke rage gudun injinsa ko ya ƙara gwargwadon buƙata, suna da wasu ƙananan sassa masu tace wuta waɗanda ke zurarar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfe ko da lafiyarsu ƙalau. An ƙera su ne da nufin wayar ƙasa ta kwashe wannan zurarar. Inda wayar ƙasa take da kyau, ba wanda zai taɓa jin komai. Inda babu ita, sai a riƙa jin tsiri-tsiri a yatsa. Amma akwai dalili na biyu, shi ne lalacewa ta gaske: waya ta goge, ɓera ya ci rigarta, ruwa ya taru a inda aka ɗaure wayoyi, ko naɗin wayar da ke cikin kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya fara taɓa jikinsa. Hannun mutum ba zai iya bambance waɗannan biyun ba, kuma kada kowa ya sake gwadawa da jikinsa. Ko wanne ne daga ciki, abu ɗaya ya tabbata, wato ƙarfen AC ɗinku ba shi da sahihiyar hanyar ƙasa. Jan da ya kai miki har gwiwar hannu kuwa ya fi ƙarfin abin da za a ce ƙaramar zurara ce a wuce.

Shi da ya taɓa bai ji komai ba, bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba. Takalminsa da busasshiyar fatarsa ne suka tare hanyar. Abin da ke cutar da jiki shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, kuma ba a buƙatar mai yawa. Ana auna gudun wuta da amfiya, kowace amfiya ɗaya kuma miliamfiya 1,000 ce. Mutum kan fara jin wuta tun daga kusan miliamfiya 1. A kusan miliamfiya 10, tsokar hannu kan damƙe har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga wajen miliamfiya 30 zuwa sama, idan ta ɗan jima tana ratsa ƙirji, numfashi da bugun zuciya ne ke shiga haɗari. Jikin da ya jiƙe, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, idan ya taɓa cikakkiyar wutar gida ta bolt 220 zuwa 240, abin da zai ratsa shi yana iya haura miliamfiya 200. Ki tuna kuma cewa yaron da ya fara tafiya ba ya sa takalmi a gida, hannunsa kullum da danshi, kuma duk abin da ya gani sai ya dafa.

Maganar bireka ce ta fi tayar min da hankali, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau. Mutane da yawa suna ɗaukar bireka mai faɗuwa a matsayin mai rauni ko mai fitina. Aikinta take yi. Bireka waya take karewa, kuma da kaurin wayar da ke bayanta ake zaɓenta. Idan wutar da ke bi ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka, sai ta faɗi tun kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da rigarta. AC irin naku yakan ja wajen amfiya 5 zuwa 6 yana cikin aiki, idan kuma ba mai inbata ba ne, a daidai lokacin da kwamfaresa ke tashi yakan fizgi ninkin hakan sau da dama na ɗan gajeren lokaci. An ɗora wannan a kan layin da ke ɗauke da talabijin da sauran kaya, ta hanyar wayar da aka ƙara aka naɗe da tef. Da bireka ta yi ta faɗuwa, faɗa muku take yi cewa kayan sun yi wa layin nauyi, ko akwai lalacewa a wani wuri. Canza ta da babba kamar toshe bakin yaron da ke kukan ciwo ne, an sami shiru amma ciwon yana nan. Yanzu waya tana iya yin zafi a cikin bango ko a saman sili, babu abin da zai tsayar da ita.

Zafin fulogi kuma yawanci daga haɗin da bai matse ba ne. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sako-sako, wuta tana wahala wajen tsallakawa, wajen ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, haka dai har roba ta fara narkewa. Irin wannan zafin yana iya tayar da gobara alhali wutar da ke bi ba ta kai abin da zai sa bireka ta faɗi ba. Ƙaurin da hancinki ke ji, roba ce ke dahuwa.

Ki kuma riƙe wannan: ko birekar da ta dace ma ba ta ceton mutum daga shokin. Bireka mai amfiya 16 tana barin miliamfiya 16,000 su wuce ba tare da ta motsa ba, mutum kuwa ɗari biyu sun ishe shi. Sitabilaiza ma ba ta cikin wannan magana ko kaɗan. Aikinta daidaita ƙarfin wuta idan ya yi ƙasa ko ya yi sama, don na'ura ta yi aiki yadda ya kamata. Ba ta samar da hanyar ƙasa, ba ta san mutum ya taɓa wuta ba.

Yanzu mu zo kan ƙanin maigida, kuma mu yi masa adalci. Ya zo ya sha rana, ya hau tsani, ya huda bango, bai karɓi komai ba. Wannan alheri ne na gaske, kada ki bar tsoro ya shafe shi a idonki. Kuma mai yiwuwa ne rashin wayar ƙasar ba daga gare shi ya faro ba. Gidaje da yawa suna da soket mai rami uku amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba tun lokacin gini, ko an haɗa amma wayar ta katse a hanya, ko sandar ƙarfen da aka binne a ƙasa don a ɗaura mata wayar ta daɗe da ruɓewa. Yana iya yiwuwa ya ɗaure wayoyinsa uku daidai, gidan ne ya ci amanarsa. Inda ya yi kuskure a fili shi ne jawo AC daga soket ɗin da ake rabawa da wasu kaya, da ƙarin waya da tef, da ƙara girman bireka, da kuma rashin auna aikin bayan ya gama. Kurakurai ne da ake yawan gani a wurin wanda ya koyi aiki da ido ba a nuna masa dalilan ba. Ba mugunta ba ce, amma wuta ba ta duba niyya. Ki yi tunanin halin da shi kansa zai shiga idan, Allah ya kiyaye, wani abu ya sami ɗan yayansa ta sanadin aikin hannunsa. Nauyi ne da ba zai taɓa saukewa ba. Duba aikin nan kariya ce gare shi kamar yadda yake kariya ga 'ya'yanki.

Shi kuma maigida, ina ganin abin da ya ji a maganarki ya bambanta da abin da kika faɗa. Ke kin ce akwai haɗari, shi ya ji an ce ya yi zaɓen banza kuma ɗan'uwansa bai iya ba. Ya kashe kuɗi don iyalinsa su huta da zafi, ya nemi ƙaninsa ya taimaka, yana jiran godiya sai ga ƙorafi. Ga kuma idon mahaifiya. Ba na cewa ya yi daidai da ya yi watsi da maganar, bai yi ba. Amma ba na zaton mutumin da ya sayo AC don 'ya'yansa su yi barci cikin daɗi zai yarda da gangan abin ya cutar da su. Ya ɗauka abin ƙarami ne saboda hannunsa bai ji ba.

Don haka ki canza ƙofar da kike shiga. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ku biyu kaɗai, ba a gaban yara ko baƙi ba, ba kuma a daidai lokacin da zafi ya dame shi yana neman rimot ba. Kada ki ɓoye masa cewa kin zare fulogin, ki faɗa masa da kanki tun kafin ya gani. Ki fara da godiya, ta gaske, a kan AC ɗin da kuma ɗawainiyar ƙaninsa. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: “Ban ce aikin ƙaninka ba shi da kyau ba. Ina jin tsoron wayoyin gidan nan ne ba su da hanyar ƙasa tun asali. Don Allah a kawo mai na'urar awo ya auna mana gidan gaba ɗaya, ƙaninka yana tsaye. Idan awo ya nuna lafiya, ba zan sake tayar da maganar ba.” Wannan ba dabara ba ce ta kauce wa gaskiya, domin abin da ya kamata a auna ke nan. Idan soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, to firiji da dutsen guga da injin wanki da hitar ruwa, duk abin da ke da jikin ƙarfe a gidan yana cikin hali ɗaya. Kuma amfanin awo shi ne yana fitar da ku duka daga gardamar wa ya fi gaskiya, mita ba ta da ɗan'uwa. Idan ya kawo maganar ƙaddara, ki tuna masa a hankali da hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Tunda kina shiri da ƙanin nasa, wannan ma hanya ce, da sanin maigida. Ki gaya masa abin da ya faru yadda ya faru: ya ja ki, fulogi yana zafi, kina jin ƙauri. Ki nemi shawararsa a kan wanda za a kira, ki ce kina so ya kasance a wurin. Sau da yawa wanda ake gudun ɓata wa rai shi ne ya fi kowa saurin cewa a duba, musamman idan ba a gaban mutane aka tsare shi ba. Ina kyautata zaton bai ma san ya ja ki ba. Mahaifiyarsu kuwa kada ki kai mata ƙara, kada ki shiga kare kai. Idan ta tayar da zancen, ki yabi ɗanta, ki ce jikokinta kike ji wa tsoro tunda ke babba ma ya ja ki.

Idan mai aikin ya zo, ya zama ƙwararre mai shaidar aiki da kayan awo, kuma ki san abin da za ki sa ido a kai. AC yana buƙatar layinsa shi kaɗai, tun daga akwatin birekoki har zuwa inda yake, da waya guda ba ƙari a hanya. Ga irin naku, abin da aka saba shi ne wayar tagulla mai kaurin 2.5mm² da bireka mai amfiya 16 ko 20. Na'urar da ta fi girma, ko tazara mai nisa, kan buƙaci 4mm². Hukuncin ƙarshe yana ga ƙaramin allon da ke manne a jikin na'urar da kuma littafinta, can aka rubuta wutar da take ja da birekar da ta dace, kuma kada birekar ta taɓa wuce ƙarfin wayar. A lura da jabun waya, akwai wadda gorar ruwa ce a ciki aka shafa mata tagulla a sama, akwai wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. A maimakon soket na talabijin, a sa makunni mai ƙarfi wanda ke katse wayar wuta da nutural gaba ɗaya, a kuma sa wani kusa da na wajen, mai jure ruwan sama, don mai gyara ya iya kashewa kafin ya taɓa. Wayar ƙasa ta isa duka sassan biyu, na ɗaki da na waje, a ɗaure ta a kan ƙusar da masu ƙera na'urar suka tanada. Bututun da ke zubar da ruwan AC kuma a karkatar da shi nesa da waya da soket.

Akwai gajerun hanyoyi da za a iya kawo muku, ki ƙi su ko da an ce kowa haka yake yi. Mafi muni shi ne a haɗa ramin ƙasa da nutural a bayan soket da guntuwar waya. Shokin zai ɓace, kowa ya yi murna, amma ranar da nutural ta katse a wani wuri, ko aka juya wayoyi a bisa kuskure, jikin AC ɗin gaba ɗaya zai ɗauki cikakkiyar wuta. Haka nan ɗaura waya a bututun ruwa, wanda wataƙila roba ne a wani sashensa, ko a ƙusa a bango, ko a ƙarfen taga. Bututun gas kuwa kada ma a kusance shi. Hanyar ƙasa ta gaskiya ita ce wadda ta taso daga akwatin birekoki ta isa ko dai tashar ƙasa da kamfanin wuta ya tanada, ko doguwar sanda mai rufin tagulla da aka kafa cikin ƙasa aka ɗaure da maɗauri mai kyau, aka kuma auna ta da na'urar da aka yi don haka. Busasshiyar ƙasa ko mai duwatsu ba ta karɓar wuta da sauƙi, wani lokaci sai an ƙara zurfi ko an ƙara sanduna. Zuba gishiri yana gyara awo na ɗan lokaci, amma ruwa yana wanke shi, yana kuma cin ƙarfen.

Sanda ita kaɗai ma ba ta isa ba, ga lissafin. A ce an auna sandar an sami om 50, om kuwa shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta. Idan wuta ta bolt 230 ta taɓa jikin AC, abin da zai bi zuwa ƙasa amfiya 4.6 ne kawai. Bireka mai amfiya 16 ba za ta ko motsa ba, ƙarfen kuma zai ci gaba da ɗaukar wuta mai haɗari. Shi ya sa ake sa na'urar da za ki ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, mai miliamfiya 30. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga wani kaso ya ɓace a hanya, ko ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Akwai irin da ta haɗa aikin bireka da nata wuri guda, ana rubuta mata RCBO, tana dacewa da layin AC shi kaɗai. Idan AC ɗinku mai inbata ne, a duba littafinsa a ga nau'in da ya ce a saka, domin ba kowane nau'i ke gane irin zurarar da inbata ke yi ba. Wannan na'ura ita ce aka yi don ceton rai, kuma in da za ki dage a kan abu guda bayan wayar ƙasa, ki dage a kanta. Tana da ɗan maɓalli mai harafin T, idan an danna dole ta faɗi. Ki riƙa gwada shi bayan 'yan watanni, kamar yadda aka rubuta a jikinta. Idan kuma bayan an saka ta ta riƙa faɗuwa, kada a cire ta, ta gano lalacewar da ake nema ne, sai a bi a gyara. In kuna amfani da janareta ko wutar sola, ki ce ya gwada ta a kan wannan wutar ma, domin yadda aka haɗa su yana iya hana ta aiki.

Kada ki yarda da ɗan tasta mai kama da sukudireba a matsayin shaidar an gama aiki. Ya nuna miki a kan mita cewa jikin ƙarfen yana haɗe da hanyar ƙasa, ya auna lafiyar rigar wayoyi, ya auna sandar, ya gwada RCD, ya rubuta muku sakamakon a takarda ku ajiye. Ke da maigida kuma kada ɗayanku ya buɗe murfin na'urar, akwai sassa a ciki da ke riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kashe.

Idan kuɗin aikin bai samu yanzu ba, babu laifi a jira, amma AC yana kashe ake jira, a yi maneji da fanka. Babbar birekar nan dai a mayar da mai daidai da wayar tun yanzu, domin tana barazana ga layin ko ba AC. Idan gidan haya ne, hanyar ƙasa da akwatin birekoki abu ne da ya shafi mai gidan, maigida ya sanar da shi a rubuce tare da sakamakon awo. Idan kuwa kin bi duk waɗannan hanyoyi maigida ya ƙi, ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, wanda kuma zai riƙe sirri, ko ki roƙe shi ya kira cibiyar gyara ta kamfanin da ya ƙera AC ɗin ya tambaye su da bakinsa ko ana amfani da na'urarsu ba wayar ƙasa. Sauƙin kai a magana abu ne mai kyau kuma ina ƙarfafa ki a kansa. Amma ki faɗa masa cikin ladabi cewa ba za ki kunna shi da hannunki ba, ba za ki kwantar da yara a ɗakin yana kunne ba, sai an auna. Ɓacin ran suruka ana gyara shi da ziyara da kyakkyawar magana, ki yi haƙuri da shi na ɗan lokaci.

Ki koya wa duk babban da ke gidan inda babban makunnin wuta yake. Idan wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu, a kashe makunnin, in ba a kusa yake ba a ture shi da busasshen itace ana tsaye a busasshen wuri, a nemi agajin gaggawa, kuma a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau. Gobarar waya ba a watsa mata ruwa muddin wuta ba a katse ba. Ke kanki, idan tun ranar kina jin bugun zuciyarki ya canza, ko hannun yana mutuwa, ko kina da juna biyu, ki ga likita ki gaya masa wuta ta ja ki. Allah ya tsare ki da yaranki, ya daidaita tsakaninku. Idan an yi awon ki rubuto min abin da aka samu, in akwai abin da bai fito miki sarai ba a takardar sai mu duba tare.